Wace mujalla ce ta kashe zamanin "jarumi ba ya makara"?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare ni da ƙanina muka sake kallon fim ɗin Spider-Man na 2014, wanda Gwen, budurwarsa, take faɗowa daga hasumiyar agogo ta mutu. Yaro sai da ya yi ƙwalla, wai masu fim sun cuce shi. Na ce masa ai wannan mutuwa ta girmi babanmu a aure, tun 1973 aka yi ta a takarda, a mujallar Amazing Spider-Man lamba 121. Kuma ni a wurina wannan fitowar ita ce ta rufe Zamanin Azurfa na komik ɗin Amurka, wato mujallun labarin zane. Daga ranar ba a ƙara karanta labarin jarumi da kwanciyar hankali ba. Wanda yake da ja, ga fili ga mai doki.

Gizo na Ƙoƙi:
Wa alaikumus salam. Kafin a fara, ni dai ina neman haƙƙin kakana. Gizo namu ne, sun ɗauka sun sa masa jan wando ba su biya ko sisi ba.

Maman Ilham:
Hhh kai dai ba ka rabo da shiririta. Ɗan Fagge, ka yi wa irinmu bayani mana. Mene ne kuma Zamanin Azurfa? Mu fim muka sani.

Ɗan Fagge:
To Anti. Masu tara komik ne suka raba tarihin gida-gida. Na Zinare ya fara 1938 da fitowar Superman a Action Comics lamba 1. Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwar jarumai ta faɗi. A 1956 kamfanin DC ya sake ƙera jarumi Flash a Showcase lamba 4, daga nan ake lissafin na Azurfa. A cikinsa kamfanin Marvel ya kawo Fantastic Four a 1961, Spider-Man a 1962, da su X-Men da Avengers a 1963. Sai na Tagulla ya biyo baya. Farkon na Azurfa kusan kowa ya yarda da shi, ƙarshensa ne ake ta kai ruwa rana.

Abin da ya bambanta shi kuwa shi ne amana tsakanin mai karatu da mujalla. Bos zai sace budurwar jarumi, ya ɗaure ta, ya jefo ta daga saman bene, kai kuma kana cin gyaɗarka hankali kwance domin ka san za a cafe ta. Sau nawa Lois Lane, budurwar Superman, ta faɗo daga sama? Ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.

Ɗan DC:
Na san za a zo nan. Ku 'yan Marvel komai sai ku ce daga gidanku ya fara. Malam, 1973 ai an riga an yi jana'izar Zamanin Azurfa har an yi sadakar uku. Ka duba 1970 kawai. Jack Kirby, babban mai zane, ya bar Marvel ya koma DC. Mort Weisinger, editan da ya riƙe Superman shekara da shekaru, ya ajiye aiki. Denny O'Neil da Neal Adams suka karɓi Green Lantern daga lamba 76, suka haɗa shi da Green Arrow, suka sauko da shi daga sararin samaniya zuwa unguwannin talakawa, ana maganar wariyar launin fata da masu gidajen haya marasa imani. A 1971 suka nuna Speedy, yaron Green Arrow, yana yi wa kansa allurar heroin, a bangon mujalla ma. Duk wannan kafin Gwen ta hau gadar da ta faɗo daga kanta a mujallar.

Ɗan Fagge:
Ban musa ko ɗaya ba. Har ma zan ƙara maka, a 1971 ɗin Stan Lee, editan Marvel, ya fitar da Spider-Man lamba 96 zuwa 98 babu hatimin hukumar tace komik, saboda labarin Harry Osborn, abokin jarumin, da ƙwayoyi. Amma duk waɗannan batutuwa ne aka shigo da su cikin labari. Jarumin yana nan yadda yake, yana zuwa a kan lokaci, yana yin wa'azi, a tashi. Speedy ya warke. Harry ya warke. Gwen fa?

Baba Ticha:
Yara ku dakata in sa baki, tunda da tsohuwar zuma ake magani. Ni na riƙe wannan fitowa da hannuna, ba a waya ba. Ba a shekarar da ta fito ba, daga baya ne, wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a Sabon Garin Zariya. Bangonta ya yage, wani ma ya yi lissafin kuɗin cefane a shafin baya.

Abin da ba ku faɗa ba shi ne yadda aka shirya ta. A bango an jera hotunan mutanen Peter Parker, wato shi Spider-Man ɗin, su Anti May, Mary Jane, Harry, J. Jonah Jameson, Gwen, ana nuna cewa ɗaya daga cikinsu zai mutu. Mu kuma mun saba da irin wannan barazana, ko a jikinmu. Sunan labarin ma ba su rubuta shi a shafin farko ba kamar yadda aka saba, sai a shafin ƙarshe, bayan an gama. To ka ga kana karantawa ba ka san inda aka dosa ba.

Peter ya dawo daga Kanada ba shi da lafiya. Harry yana kwance, ya koma shan ƙwaya. Mahaifinsa Norman Osborn, wanda shi ne bos ɗin nan Green Goblin amma ya manta, kasuwancinsa na rushewa, ɗansa na neman mutuwa, sai ƙwaƙwalwar ta dawo masa, ya tuna ko wane ne Spider-Man. Ya je ɗakin Peter ya tarar da Gwen, ya ɗauke ta ya kai ta saman hasumiyar gada. Aka yi faɗa, ya bangaje ta, ta faɗo. Spider-Man ya harba zarensa ya kamo ta a ƙafa. Yana jawo ta sama yana yabon kansa, yana cika baki irin yadda ya saba. Wallahi nan ne ya fi yi mini ciwo. Ni ma a raina na ce shi ke nan, ya cece ta. Sai da ya rungumo ta ya ga ba ta motsi.

Na juya shafi ina neman inda za a ce suma ta yi. Babu.

Maman Ilham:
Allah sarki. To Baba me ya kashe ta tunda bai bari ta kai ƙasa ba?

Baba Ticha:
Yawwa 'yata, tambayar da aka shekara hamsin ana yi ke nan. A gidan zanen da zaren ya kama ta, kusa da wuyanta, an rubuta wata 'yar ƙaramar kalma ta Turanci, SNAP, wato ƙarar abu ya karye. Ƙarama ce ƙwarai, ni karatun farko ban ma lura da ita ba. Shi Goblin a cikin labarin cewa ya yi firgitar faɗowar ce ta kashe ta tun a iska. Amma bayan wasiƙu sun yi yawa, a shafin wasiƙu na lamba 125 su Marvel da kansu suka ce fizgar da zaren ya yi mata ce ta karya mata wuya.

Injiniya Bash:
Baba ya yi daidai, kuma lissafi yana bayansa. Maganar Goblin shirme ce, masu tsalle daga jirgi da lema suna faɗowa tsawon da ya ninka wannan sau da yawa, ba wanda iska ta kashe. Mu ce ta faɗo mita 50 kafin zaren ya same ta. Gudunta a lokacin ya kai mita 31 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 110 a awa. Ka tsayar da mutum cak daga wannan gudun, ta ƙafa, kai yana lilo. Daidai yake da mota ta daki bango a kan titin Kaduna. Da ya yi tsalle ya bi ta, ya rungume ta, sannan ya rage gudun a hankali, da wataƙila ta rayu.

Gizo na Ƙoƙi:
Wato garin neman gira aka rasa ido.

Ɗan Fagge:
To ka ji, Ɗan DC. Abin da nake faɗa ke nan. Ba mutuwar ce sabon abu ba. Kawu Ben na Peter ya mutu tun 1962, iyayen Batman sun mutu, duniyar su Superman gaba ɗaya ta tarwatse. Amma waɗannan duk mutuwar buɗe labari ce, an halicce su ne domin su mutu jarumi ya samu dalili. Gwen tun 1965 take cikin mujallar, lamba 31. Shekara takwas masu karatu suna tare da ita, suna jiran ɗaurin aure. Kuma jarumin bai makara ba, ya iso, ya yi abin da ya saba yi kullum, abin ne ya kashe ta. Hannun da aka saba yana ceto. Wannan babu shi a Green Lantern ɗinka.

Ɗan DC:
Na ji, ya taɓa zuciya. Amma taɓa zuciya daban, rufe zamani daban. In kana neman mujallar da ta tsaya ta ce jama'a ga ƙarshen zamani, to 1986 za ka je. Alan Moore ya rubuta labarin ƙarshe na tsohon Superman, kashi biyu, Superman lamba 423 da Action Comics lamba 583. Wa ya zana? Curt Swan, mutumin da ya yi kusan shekara talatin yana zana Superman. Wa ya shirya? Julius Schwartz, wanda shi ne editan Showcase lamba 4 ɗin da ka ce ta buɗe zamanin. Wanda ya buɗe ƙofa shi ya rufe ta. Me ya fi wannan?

A ciki aka tattaro duk kayan wasan wancan zamani aka yi musu bankwana. Karensa Krypto ya mutu. Abokansa Jimmy Olsen da Lana Lang sun mutu. Ashe wanda yake bayan komai shi ne ɗan aljanin nan mai ban dariya, Mxyzptlk, ya gaji da wasa ya koma mugu. Superman ya kashe shi, sai ya ce tunda ya karya alƙawarinsa na ba zai kashe rai ba, bai cancanci ƙarfin ba. Ya shiga ɗakin kryptonite mai ruwan zinare, dutsen da ke cire masa ƙarfi, ya zubar da ƙarfinsa, ya koma talaka yana zaune da Lois da ɗansu. Bayan nan John Byrne ya fara Superman sabo fil daga tushe. Kuma a wannan tsakanin ne mujallar DC mai suna Crisis on Infinite Earths ta kashe Supergirl a lamba 7, ta kashe Barry Allen a lamba 8. Barry Allen fa, Flash ɗin 1956.

Ɗan Fagge:
Kai ma ka san wancan rufe Zamanin Tagulla ake cewa ya yi.

Ɗan DC:
Sunaye ne kawai na 'yan kasuwar tsofaffin mujallu. Kayan da aka binne a 1986 na Azurfa ne, kare mai tashi sama da kryptonite kala-kala.

Baba Ticha:
Ku biyun kuna da gaskiya, amma ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Na Alan Moore walimar sallama ce. An sa rana, an gayyaci mutane, tsoho ya yi jawabi, har a gidan zane na ƙarshe ya kashe mana ido ɗaya ya rufe ƙofa. Kowa ya san me ya zo yi. Na Gwen kuwa mutuwar fuju'a ce. Su kansu waɗanda suka yi ba su zauna sun ce yau za mu rufe zamani ba. Gerry Conway da ya rubuta yana da shekara 20 a lokacin. Yaro ne aka ba shi mujallar da ta fi kowace ciniki a kamfanin bayan Stan Lee ya koma kujerar mawallafi, yana neman abin da zai girgiza labari. Har an yi tunanin Anti May za a kashe. John Romita ne ya karkata ga Gwen. Gil Kane ya zana, Romita ya bi da tawada. Sai daga baya mutane suka waiwaya suka ce ashe a nan ne hanya ta rabu.

Af, tunda an ambaci Alan Moore. Dave Gibbons da ya zana masa Watchmen, kun san tun kafin nan ya yi wa Najeriya aiki? A tsakiyar shekarun 1970 akwai Powerman, jarumi baƙar fata da ake bugawa domin kasuwarmu, shi da Brian Bolland suke zanawa. Kafin shi kuma muna da Lance Spearman na mujallar African Film, wanda hotuna ne na gaske ba zane ba. Ku 'yan yanzu kun ɗauka da waya aka fara.

Gizo na Ƙoƙi:
Baba don Allah in akwai sauran Powerman a akwati a taimaka a ɗauko mana hoto.

Baba Ticha:
Gara ta riga ka, ɗana.

Hadiza Yamai:
Sannunku. Mu a nan da Faransanci muka san shi, a mujallar Strange, ana ce masa L'Araignée. Yayyena ne suke da su. Ina bin muhawarar tun ɗazu, kuma akwai abin da yake damuna. Duk kuna ta maganar abin da mutuwar ta yi wa Peter, abin da ta yi wa masu karatu, abin da ta yi wa zamani. Ita Gwen ɗin fa? A fitowar da ta mutu, a saman gadar nan a sume take tun daga farko har ƙarshe. Ba ta yi magana ba, ba ta yi kokawa ba, ba ta ma san me ya same ta ba. Ta mutu ba ta san saurayinta ne Spider-Man ba. Hasali ma tana ganin Spider-Man ne sanadin mutuwar mahaifinta, Kyaftin Stacy, wanda bulo ya rufto wa a lamba 90 garin ceton wani yaro. Uban kafin ya cika ya nuna ya san sirrin Peter, ya ba shi amanar 'yarsa. Shi an ba shi kalaman ƙarshe. Ita ko kalma ɗaya.

Wannan yarinya ɗalibar kimiyya ce a jami'a. Aka mayar da ita kaya, bos ya ɗauka, jarumi ya karya.

Maman Ilham:
Faɗa musu dai 'yar uwa. Kamar fina-finanmu, a kashe matar a minti goma na farko don mijin ya samu abin yin waƙar baƙin ciki.

Ɗan Fagge:
Hajiya Hadiza ban da amsa a kan wannan, gaskiya ce. Sai dai in ce ba su san zai zama al'ada ba.

Hadiza Yamai:
Ai matsalar ke nan, ya zama. In ka ce ita ta buɗe sabon zamani, to ka karɓi abin da zamanin ya haifa gaba ɗaya. Marubuta suka gane cewa hanya mafi sauƙi ta sa labari ya yi nauyi ita ce a kashe mace. A 1994 a Green Lantern, na gidan su Ɗan DC, sabon jarumin Kyle Rayner ya dawo gida ya tarar an kashe budurwarsa an cusa gawar a firiji. Daga nan Gail Simone ta samo sunan jerin da ta fitar a 1999, na matan komik da aka kashe ko aka nakasa domin labarin namiji ya ci gaba. Jerin ba gajere ba ne.

Ɗan DC:
An zo gidanmu ke nan. Na karɓa.

Injiniya Bash:
Amma a yi wa Conway adalci a wuri ɗaya. Shafin ƙarshe na lamba 122. Bayan Peter ya kusa kashe Goblin da duka ya janye hannu, Goblin ya turo abin hawansa mai tashi ta baya don ya soke shi, Peter ya goce, abin ya soke mai shi. Peter ya koma gida bai ji wani sanyi a ransa ba. Ya tarar da Mary Jane tana jiransa tana kuka. Ita kuma a lokacin an san ta da rawa da wasa, ba ta ɗaukar komai da muhimmanci. Ya gaya mata magana mai zafi, ya kore ta. Ta je bakin ƙofa, ta tsaya, sai ta tura ƙofar ta rufe tana ciki. Babu dogon surutu. A shafi ɗaya aka mayar da ita cikakkiyar mutum. Ni a wurina wannan shafin ya fi na gadar.

Hadiza Yamai:
Shafin yana da kyau, ban ƙi ba. Amma ka lura, sai da aka kashe ɗaya sannan aka ba ɗayar hankali. Kuma shi Conway bai ɓoye ba cewa Mary Jane ya fi so.

Gizo na Ƙoƙi:
Wato kishiya ce ta yi mata asiri ta hannun marubuci.

Admin:
Gizo, gargaɗi na farko. Hhh.

Auwal Mai Shago:
Ni ɗan kasuwa ne, bari in kawo nawa. Duk wannan maganar zuciya ce. Mujallar da ta rufe zamani da gaske ita ce wadda ta rufe shaguna. Superman lamba 75, ƙarshen 1992, mutuwar Superman a hannun Doomsday. An sa ta a baƙar leda, gidajen talabijin suka ɗauka, mutanen da ba su taɓa karanta komik ba suka yi layi, wani ya sayi biyar wani goma, wai za su ajiye ta yi tsada su biya wa yara makaranta. Miliyoyi aka sayar. To abin da kowa ya ajiye a leda yaushe zai yi tsada? Action Comics lamba 1 tana tsada ne don iyaye sun zubar da na 'ya'yansu, kaɗan suka rage. Ba a yi shekara ba Superman ya dawo, har da sabon gashi. Masu sayen don riba suka watse, shaguna suka yi ta rufewa, a Disambar 1996 Marvel kanta ta shiga kotu neman kariyar fatarar kuɗi. Wannan shi ne ƙarshen zamani, mai rasit.

Ɗan Fagge:
Alhaji Auwal ai ka ƙarfafa maganata ba ka sani ba. Me ya sa mutane suka yarda Superman zai iya mutuwa har suka yi layi? Domin an riga an koya musu cewa a komik ana mutuwa da gaske. Wa ya koya musu? 1973 aka ci bashin amana, 1992 aka cinye jarin.

Auwal Mai Shago:
Waɗanda suka yi layin nan rabinsu ba su san wata Gwen ba. Labarai suka gani a talabijin.

Ɗan Fagge:
To, wannan kuma haka ne.

Ɗan DC:
Kuma "mutuwa da gaske" ɗin ma a yi a hankali. Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Norman Osborn da aka soke a ƙirji ya dawo a 1996. Bucky, yaron Captain America, ya dawo a 2005. Jason Todd, Robin ɗin nan yaron Batman da masu karatu suka kashe da ƙuri'ar tarho a 1988, da ratar ƙuri'a 72 kacal, shi ma ya dawo. Barry Allen ya dawo a 2008. Ita Gwen ɗin ma ba a yi shekara biyu cikakku ba Conway ya kawo kwafinta, wanda malaminsu Miles Warren ya haɗa a ɗakin gwaji.

Baba Ticha:
Kwafi ne, ɗana, ba ita ba. Kuma ka san dalilin kwafin? Fushin masu karatu. Stan Lee yana zuwa jami'o'i yin lacca ɗalibai suna tare shi da tambayar me ya sa aka kashe ta. Shi kuma ya riƙa cewa bai tuna ya amince ba, yana shirin tafiya aka kawo masa maganar. Waɗanda suka yi aikin suka ce ya sani sarai. Wannan gardama ba ta mutu ba har shi ya mutu a 2018. Amma ka duba, duk da matsin, Gwen ta asali an bar ta a kabarinta shekara da shekaru, alhali wanda ya jefo ta ya tashi ya ci gaba da harkokinsa. Wadda kuke gani a katun yanzu mai farar hula, ta wata duniyar ce, 2014 aka ƙirƙiro ta, a can ita gizon ya ciza, Peter ne ya mutu.

Hadiza Yamai:
Wannan ita ce kaɗai ramuwar da na gani, Baba. Shekara 41 kafin a ba ta bakin magana.

Maman Ilham:
Ni tambayata, ita hukumar tacewar da aka ambata ɗazu, ta bari aka kashe yarinya haka? Ko irin tamu ce ta Kano?

Ɗan Fagge:
Da bambanci Anti. Tamu ta gwamnati ce. Tasu kamfanonin ne da kansu suka kafa a 1954, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya yi ta yaɗa cewa komik na lalata yara, har majalisar dattawa ta yi zama a kai. Suka ji tsoron doka suka ɗaure kansu da kansu. In babu hatiminta a bango, yawancin dillalai ba za su ɗauka ba. Dokokinta na farko sun ce dole alheri ya yi nasara a kan sharri kullum, kuma mai laifi ya ga sakamako. A 1971 aka sassauta. Lamba 121 da hatiminta ta fito. Goblin ya ga sakamako a fitowa ta gaba, ka'ida ta cika a takarda. Amma wane yaro ne ya rufe lamba 122 ya ce alheri ya yi nasara?

Ku kuma duba abin da ya biyo baya nan da nan. Fitowa takwas bayan mutuwarta, lamba 129 a 1974, Conway ɗin dai ya kawo Punisher, mai harbi ba tambaya. A shekarar Wolverine ya bayyana a Hulk. Masu karatu sun daina yarda cewa mai kirki zai iso a kan lokaci, sai suka koma son mai bindiga da mai farata.

Ɗan DC:
Ko kuma Amurka ce ta canza, komik ya bi. 1973 fa, ana janye sojoji daga Biyetnam ba nasara, ana tonon asirin badaƙalar Watergate ta shugaban ƙasarsu a talabijin. Fina-finansu ma na lokacin duk sun koma duhu. Ko ba a kashe Gwen ba da an kashe wata.

Ɗan Fagge:
Wataƙila. Amma ita aka kashe.

Injiniya Bash:
Wani abin dariya kafin in fita. Gadar ma ba a daidaita a kanta ba. Rubutun ya ce gadar George Washington, zanen kuma gadar Brooklyn ce ƙarara, da hasumiyar dutse da bakunan nan nata. A wasu bugu na baya sai da aka gyara rubutun.

Gizo na Ƙoƙi:
Ka ji, ko wurin da aka yi kisan ba a tabbatar ba. A kotu wannan shari'ar korarriya ce. A saki Goblin.

Admin:
Gizo, na biyu.

Maman Ilham:
Yanzu na gane abin da ya sa a fim ɗin Spider-Man na 2021, da Andrew Garfield, jarumin fim ɗin 2014, ya cafe MJ, budurwar wani Spider-Man ɗin, ya sauko da ita lafiya, ya tsaya yana hawaye. Ni a lokacin na ce wannan kuma kukan me yake yi, ai ya cece ta.

Injiniya Bash:
Kuma ki lura Anti, a wannan karon bai harba zare ya kamo ta daga nesa ba. Tsalle ya yi ya bi ta ya rungume ta tukuna.

Ɗan DC:
Ni dai ina nan a kan 1986. Amma zan nemi 121 da 122 in sake karantawa a daren nan, na daɗe rabona da su. Ɗan Fagge kai kuma ka karanta na Alan Moore, don na tabbata labarinsa kawai ka ji.

Ɗan Fagge:
Kashi na farko na karanta.

Ɗan DC:
Na faɗa.

Baba Ticha:
An kira magariba a nan. Ɗan Fagge, kar ka nuna wa ƙanen naka lamba 121 a waya. In da hali ka buga masa a takarda, kuma kar ka gaya masa akwai wata kalma kusa da wuyanta. Ka bari mu ga ko zai gano ta da kansa.